Kwamfuta ta ƙi mutuwa da wuri: tambayoyi da amsoshi kan antibayiros mai nauyi da abin da za a maye gurbinsa da shi

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Jos, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wannan ƙorafin ba: "Malam, tun ɗazu na danna kashewa, ga ta nan sai juyi take yi." Ɗalibai daga Unguwar Rogo da Titin Bauchi, masu shagon buga takardu, ma'aikatan ofis, duk bakinsu ɗaya. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaita mini, na fara da masu sauƙi. Maganar duk a kan Windows take, galibi na 10 da na 11.

1. Tsawon wane lokaci ya kamata kwamfuta ta ɗauka kafin ta mutu?

Lissafin daƙiƙa ake yi, ba na minti ba. A abin da nake gani a teburina, mai SSD, wato sabon nau'in faifai marar juyawa, ba ta cika wuce daƙiƙa 15 ba, mai tsohon faifai mai juyawa kuwa takan kai rabin minti ko minti guda. In kullum sai ta haura minti biyu, akwai abin da ke riƙe ta. Ban da ranar da allo ya nuna Windows yana saka sabuntawa, ya ce kada a kashe. Wannan jira ne na dole, kuma ba kullum yake zuwa ba.

2. Me ya haɗa antibayiros da kashe kwamfuta?

Idan ka danna "Shut down", Windows ba ya yanke wuta nan take. Yakan fara aika wa kowace manhaja saƙo cewa a tattara kaya, ya jira ta adana aikinta ta fita. Daga nan ya koma kan ma'aikatan bayan fage, waɗanda ake kira sabis, su ma ya ba su 'yan daƙiƙu. Sai ya rubuta abin da ya rage a faifai, sannan ya kashe. Kamar tashin kasuwa ne da yamma, ba a saka kwaɗo a babbar ƙofa sai na ƙarshe ya fito.

To shi antibayiros a bakin ƙofar nan yake tsaye, yana buɗe jakar kowa. Yana da direba, wato wata ƙaramar manhaja da ke zaune tsakanin Windows da faifai, duk fayil ɗin da za a buɗe ko a rubuta sai ya bi ta hannunsa, kuma lokacin kashewa lokaci ne na rubuce-rubuce da yawa. Ƙari a kan haka, da gangan aka gina shi ya yi taurin kai idan an ce ya tsaya, domin abu na farko da bayiros ke nema shi ne ya kashe mai gadi. In aka yi rashin sa'a yana tsakiyar bincike ko yana sauke sabbin bayanai a intanet mai rarrafe, sai ya gama ko Windows ya gaji da jiransa.

Wanda ke shakkar zurfin da waɗannan manhajoji ke shiga ya tuna 19 ga Yuli 2024, ranar da sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama da bankuna suka tsaya a ƙasashe da dama. Abin da zai iya hana kwamfuta tashi, riƙe ta minti uku wajen kashewa ba komai ba ne a wurinsa.

3. Ta yaya zan tabbatar shi ne mai laifin, ba wani abu ba?

Kada ka yanke hukunci da zato. Ɗauki agogon wayarka ka auna kashewa sau uku, ka rubuta. Sannan ka tambayi Windows da kansa, domin yana ajiye rahoto. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta eventvwr, ka bi wannan hanya: Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, Diagnostics-Performance, Operational. Lamba 200 tana faɗin tsawon lokacin da kashewar ta ɗauka. Lamba 201 tana ambaton manhajar da ta jawo jinkiri, 202 na'ura, 203 kuma sabis. Sau da yawa sunan mai laifin na nan ɓaro-ɓaro.

In ka tarar babu abin kirki a wurin, sai gwaji na biyu. Sake danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msconfig, shiga Services, fara saka alama a "Hide all Microsoft services", sannan ka danna "Disable all", ka sake kunna kwamfutar ka auna. In ta mutu da sauri, mai laifin na cikin waɗanda ka dakatar, sai ka riƙa mayar da su rabi-rabi har ka kama shi. Amma ka sani yawancin antibayiros ba sa yarda a dakatar da su ta nan, kuma danna "dakatar da kariya na minti goma" a cikin manhajar ba ya sauke direbansa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cire shi ɗungurungum a auna, kamar yadda na bayyana a tambaya ta 8.

4. Na saka antibayiros biyu, ai tsaron ya ninka ko?

Nauyin ne ya ninka. Kowanne yana son ya riga ɗan'uwansa taɓa fayil, kowanne yana binciken abin da ɗayan ya buɗe, wani lokaci ma ɗaya ya ɗauki ɗayan a matsayin ɓarawo.

Wata Hajiya mai shagon buga takardu a wajen jami'a ta taɓa kira na ana dab da magariba. Babu wuta, janareta na ta ruri a bakin shago, yarinyar shagon ta riga ta rufe taga, kowa ya tsaya yana kallon ɗigon nan masu zagaye a allo. Ta ce, "Ɗana, wannan aba sai in je in yi alwala in dawo ba ta mutu ba, ga fetur na ƙonewa a banza." Da na duba sai na tarar da masu gadi uku: wanda ya zo da kwamfutar, wa'adinsa ya ƙare tun tuni; wanda ɗan ƙanwarta ya saka mata na kyauta; da wani ƙarami na filashi. Fanka kuwa ta toshe da ƙurar hunturu, tana kuka kamar injin markaɗe. Na cire biyun farko, na bar na Windows ya karɓi aiki, na hure ƙurar. Da muka gwada, kafin ta gama naɗe wayar firinta allo ya yi baƙi. Tambayar da ta yi mini ita ce, "To yanzu wa ke gadin?" Amsar na tambaya ta 6.

5. Laftof ɗina ya zo da antibayiros, yanzu kullum yana cewa in biya. Yana kare ni kuwa?

Sabbin laftof da yawa suna zuwa da na gwaji, galibi na kwana 30, na hannu kuma da tokunbo sukan zo da ragowar na mai shi na farko. Da zarar wa'adi ya ƙare, sabbin bayanan bayiros sun daina zuwa masa, amma direbobinsa da sabis ɗinsa suna nan suna tashi tare da kwamfutar suna cin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Ka ɗauki nauyin, ba ka samu gadin ba. Ko dai ka biya, ko ka cire shi. Barin sa a haka shi ne mafi munin zaɓi cikin ukun.

6. In na cire shi, Microsoft Defender kaɗai ya isa?

Ga mafi yawan masu zuwa wurina, ya isa. Mutane na raina shi ne saboda tarihi, kuma suna da hujja a da. Microsoft ya fitar da Security Essentials a 2009, sannan a Windows 8 na 2012 aka mayar da Defender cikakken antibayiros da ke zuwa a cikin Windows, kuma a shekarun farko sakamakonsa a gwaje-gwaje bai da kyau. Abin ya canza. Cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji, irin AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, sun shafe shekaru suna saka shi cikin masu kariya mai ƙarfi.

Abin da ya fi burge ni da shi ba maki ba ne. Ba ya ƙarewa, ba ya tallar komai, kuma tun da gida ɗaya suka fito da Windows, ba su cika faɗa wajen kashewa ba. Haka kuma ba sai ka kunna shi ba: idan ka saka wani antibayiros yakan ja gefe da kansa, idan ka cire sai ya dawo bakin aiki. Bayan cirewa ka buɗe Windows Security, ka shiga "Virus & threat protection", ka tabbatar "Real-time protection" na kunne, ka sabunta shi. Wanda ke da takardu masu muhimmanci zai iya kunna "Controlled folder access", wanda ke hana baƙuwar manhaja taɓa foldar takardu, maganin masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa ke nan. Yakan tare manhajoji na gari ma wani lokaci, sai ka ba su izini da hannu.

7. Ai shi ma Defender yana cin ƙarfi. Mene ne Antimalware Service Executable da nake gani?

Shi ne injin Defender, sunan fayil ɗinsa MsMpEng.exe. Ba zan ce maka ba shi da nauyi ba. A kwamfuta mai RAM 4GB da faifai mai juyawa, idan yana bincike ko kana kwafar dubban ƙananan fayiloli, za ka ji a jikinka. Abin da ke faruwa da mutanenmu shi ne laftof yakan yi kwana biyu a kashe saboda babu caji, da an kunna sai duk aikin da ya taru ya faɗo lokaci ɗaya. Ka ba shi minti goma ko ashirin a jone da wuta ya sauke nauyinsa, maimakon ka kunna ka yi aikin minti biyar ka kashe yana tsaka da bincike.

Ga wanda hannunsa ya faɗa, ana iya rage kason ƙarfin da binciken da aka tsara ke ci. A ƙa'ida kashi 50 ne. Buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin mai iko ("Run as administrator"), ka rubuta Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 20. Binciken zai daɗe, amma kwamfutar za ta numfasa. Akwai kuma "Exclusions", inda ake ware foldar da ba a so ya taɓa. Yana da amfani ga mai tace bidiyon biki da manyan fayilolinsa, amma kada ka kuskura ka ware foldar Downloads ko faifan C gaba ɗaya. Na sha ganin haka, kuma daidai yake da sallamar mai gadi.

8. Yaya ake cire tsohon antibayiros ba tare da ya bar saura ba?

Fara ta hanyar da aka saba: Settings, Apps, ka zaɓe shi ka cire, ka sake kunna kwamfutar. Goge alamarsa a allo ko share foldarsa ba cirewa ba ne, yana ma ƙara dagula lamarin. Tun da sukan bar direba a baya, manyan kamfanonin suna da tsintsiyarsu ta musamman: McAfee na da MCPR, Norton na da Remove and Reinstall, Avast na da Avast Clear, AVG na da AVG Clear, Kaspersky na da kavremover, ESET da Bitdefender su ma kowanne da nasa. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, wasunsu kuma sun fi aiki a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai. Ka duba burauzarka ma, domin sukan maƙala ƙananan manhajoji a Chrome ko Edge. In kana biya da katin banki, cire manhajar ba ya soke biyan da ke sabunta kansa, sai ka shiga asusunka ka soke.

9. Ni dai ina son wani ban da Defender. Ta yaya zan gane mara nauyi?

Kada ka bi abin da aka rubuta a kwali, kowa cewa yake nasa ne mafi sauƙi. Cibiyoyin nan biyu na tambaya ta 6 suna wallafa gwajin nauyi daban da na kariya, kyauta, kuma jerin yakan canza daga shekara zuwa shekara, saboda haka ka duba na baya-bayan nan. ESET, Bitdefender da Kaspersky sunaye ne da suka daɗe a wannan fage. Game da Kaspersky, gwamnatin Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaron ƙasa. Haramcin bai shafi Nijeriya ba, amma ya kamata mai saye ya san da maganar.

Shawarata: ɗauki mafi ƙanƙantar fakiti, wanda antibayiros ne zalla. Yawancin nauyin ba daga gadin yake zuwa ba, daga tarkacen da aka ɗora masa ne, VPN, mai "ƙara gudu", mai sabunta direbobi, burauza ta musamman, kowanne da sabis ɗinsa da Windows zai jira. Sannan ka yi amfani da kwanakin gwaji, ka auna kashewa da agogo kafin ka saka da bayan ka saka. Kwamfutarka ce alƙali, ba ta ɗakin gwajin Turai ba. Ka kuma duba kuɗin shekara ta biyu, don sau da yawa ya fi na farko, ga shi lissafin dala ne.

10. Na kyauta fa? Me suke samu a kaina?

Galibi talla, da turo maka gargaɗi mai tsoratarwa don ka sayi na kuɗi. Wani lokaci abin ya wuce nan. A 2020 aka bankaɗo cewa Avast na sayar da bayanan yawon intanet na masu amfani da shi ta wani reshensa mai suna Jumpshot, ya rufe reshen a watan Janairun shekarar, kuma a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa shi biyan dala miliyan 16.5. Wani abin da mutane ba su sani ba: Avast ya sayi AVG a 2016, kuma yanzu Avast, AVG, Avira da Norton duk ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, Gen Digital. Mai barin Avast ya koma AVG don neman sauƙi bai yi nisa da gida ba.

Na kyautan da nake so su ne waɗanda ba sa kwana a kwamfuta suna gadi, sai ka kira su. Malwarebytes na kyauta haka yake bayan kwanakin gwajinsa sun wuce, AdwCleaner yana share manhajojin talla, akwai kuma ESET Online Scanner da Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki kwana 10 bayan an sauke shi don a tilasta maka ɗauko sabo. Waɗannan ba sa faɗa da Defender, ba kuma sa riƙe kashewa.

11. Matsalata filashi ce. Kullum sai ya dawo daga shagon buga takardu da bayiros. Smadav ba dole ba ne?

Wannan ce cutar garin nan, musamman lokacin da ɗalibai ke buga furojet. Smadav antibayiros ne ɗan Indonesiya, ya yi suna a nan saboda filashi, kuma masu shi da kansu suna gabatar da shi a matsayin kariya ta biyu, ba madadin babban antibayiros ba. Yana da ƙanƙanta, amma ƙarin mai zama a bayan fage ne. In awonka na tambaya ta 3 ya nuna ba ya jawo jinkiri, bar shi. Kada dai ka kashe Defender saboda shi.

Bayiros ɗin da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya ba ya goge komai, ɓoyewa yake yi. Tun daga Windows 7 filashi ba ya iya tayar da manhaja da kansa, don haka sai ka danna kibiyar nan da hannunka yake shiga. Kada ka danna. Danna filashin da maɓallin dama ka zaɓi bincike da Defender, sannan ka buɗe cmd (maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd) ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filashinka. Fayilolin za su bayyana, ka kwashe, ka yi wa filashin fomat. Wanda ya fi wannan sauƙi: mayar da takardar PDF ka tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel, filashinka ya zauna a aljihu.

12. Na cire antibayiros, har yanzu tana jan ƙafa. Saura me?

To an zalunci mai gadi. Fara da Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8: maimakon kashewa ta gaskiya, Windows yakan rubuta zuciyarsa a wani babban fayil mai suna hiberfil.sys don ya tashi da sauri gobe, kuma a tsohon faifai rubutun kan ɗauki lokaci. Riƙe Shift yayin da kake danna "Shut down", wannan cikakkiyar kashewa ce. In ta fi sauri, je Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", ka cire alamar Fast Startup. Sai sabuntawar da ta maƙale, direban firinta ko na modem, da faifan waje da aka bari a jone. Akwai kuma saitin ClearPageFileAtShutdown da wasu manhajojin "gyara" ke mayarwa 1, wanda ke sa Windows goge babban fayil a kowace kashewa. Asalinsa 0 ne.

In duk an bi ba a dace ba, faifan ne. Mafi yawan tsofaffin laftof na zuwa da mai juyi 5400 a minti, in ya fara rauni komai sai ya yi ta maimaitawa. Kwashe takardunka tun yau. A duk abin da ake saya wa tsohuwar kwamfuta, ban ga wanda ke canza ta kamar SSD ba, kuma kuɗin da za ka ba antibayiros na shekara gara ka fara kai shi can.

13. Na ga ana rage WaitToKillServiceTimeout don ta mutu da sauri. In yi?

Saitin ne da ke ƙayyade tsawon lokacin da Windows zai jira sabis kafin ya katse shi. A zamanin Windows XP jiran daƙiƙa 20 ne, rage shi na da ma'ana. A Windows 10 an riga an mayar da shi 5000, wato daƙiƙa 5. Ribarka ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku ba, hasararka kuwa sabis ɗin da aka katse yana tsakiyar rubutu. Ba ya kuma taɓa direban da ya maƙale. Bar shi.

14. In na gaji da jira, zan iya danne maɓallin wuta?

Sau ɗaya a cikin larura, bayan ka ga fitilar faifai ta daina ƙyaftawa, galibi ba abin da zai faru. Mayar da shi ɗabi'a ne ke lalata fayiloli, kuma in allo na nuna sabuntawa, kana iya wayar gari Windows ya ƙi tashi. Mai laftof da ke sauri ya rufe murfi kawai ta yi barci, ko ya zaɓi Hibernate in tafiyar mai nisa ce, amma kada ya cusa ta a jaka alhali fanka na juyi. Mai kwamfutar tebur kuwa, a yadda ake ɗauke wuta babu sallama, ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ya fi masa kowace manhaja amfani.

15. Wanda ya saka mini Windows ya kashe Defender, ya ce yana cinye masa manhajoji. Kuma tawa tsohuwa ce, Windows 7. Ya zan yi?

Abin da Defender ke cinyewa galibi kayan fasa lasisi ne, kuma ta cikin irinsu ɓarayin kalmar sirri suka fi shigowa. Kwamfutar da kake shiga asusun banki da ita ba wurin wannan caca ba ne. Kunna shi, ka yi "Microsoft Defender Offline scan", wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ya tashi, kimanin minti 15. In kuɗin Office ne matsalar, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel.

Windows 7 kuwa Microsoft ya daina toshe masa ɓaraka tun 14 ga Janairu 2020, kuma Defender ɗin da ke cikinsa ba cikakken antibayiros ba ne, don haka amsar tambaya ta 6 ba ta shafe ka ba. Babu mai gadin da zai tsare gidan da katangarsa ta zube: bayiros ɗin WannaCry na Mayun 2017 ya bi ta ramin da Microsoft ya riga ya fitar da maganinsa tun Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha wuya. Shi ma Windows 10 tallafinsa ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, ko da yake an buɗe shirin ƙarin wa'adi na ESU, kuma Microsoft ya ce Defender zai ci gaba da samun sabbin bayanan bayiros a kansa har Oktoban 2028. Windows 11 yana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da RAM aƙalla 4GB, abin da tsofaffi da yawa ba su cika ba. Irin waɗannan nakan saka musu SSD da Linux Mint, madadin Windows na kyauta, in aikin bai wuce rubutu da intanet ba, ko kuma in ce a cire su daga intanet gaba ɗaya a bar su suna buga takardu, tare da kiyaye abin da na faɗa kan filashi a tambaya ta 11.